Filin Tambaya da Amsa: Mene Ne Amfanin Binciken Homon na Ƙwari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen bayokemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina da burin zurfafa karatu a kan sinadaran da ke sarrafa girman ƙwari. Kawuna, wanda shi ne ya ɗauki nauyin karatuna, ya ce bai taɓa jin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tsutsa ya amfani jama'a ba, gara in nemi aiki a ɗakin gwajin asibiti. Shin akwai masanin da ya yi suna a wannan fage, kuma me aikinsa ya haifar? Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kawunki alheri yake nufin ki da shi, kuma ya cancanci a ba shi amsa mai hujja, saboda haka zan ba ki labarin wani Bajamushe, Peter Karlson, wanda aka haifa a Balin a 1918 ya rasu a 2001.

Ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawon da ya lulluɓe shi ne ke riƙe da jikinsa, kuma da yake ɓawon ba ya miƙewa, babu yadda zai girma sai ya yi saɓa. Tun daga 1934 wani Bature ɗan Ingila, Vincent Wigglesworth, ya nuna cewa umarnin yin saɓar ta cikin jini yake bi. Yakan ɗauki wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka, ɗan dangin kuɗin cizo, ya cire masa kai jim kaɗan bayan ya ƙoshi, sai ƙwaron ya ci gaba da rayuwa wata da watanni ba tare da ya yi saɓa ba. Amma idan ya haɗa jikinsa da na wani wanda lokacin saɓarsa ya yi, har jininsu ya gauraya, sai marar kan ma ya yi saɓa. Kowa ya yarda akwai homon, wato sinadarin da ke kai saƙo daga wani sashe na jiki zuwa wani, a cikin jinin, sai dai babu wanda ya taɓa ganin sa da ido, balle ya san yadda aka gina shi.

Nan ne Karlson ya shigo. Yana aiki a garin Tubingen a ƙarƙashin Adolf Butenandt, wanda aka ba kyautar Nobel ta 1939 saboda bincikensa a kan homon na jinsin ɗan Adam. Abin da suka zaɓa shi ne tsutsar siliki ta gida da ake kiwo, ba irin ta daji da ake samun zaren tsamiya daga gare ta ba, wanda maɗinkan birnin Zariya suka daɗe suna ƙawata manyan riguna da shi. Suka tara kilo 500 na tsutsar a matakin da take kwance cikin kwansonta, wato nauyin buhun taki goma, suka niƙa, suka dinga tacewa mataki bayan mataki. A kowane mataki sai an gwada ko homon ɗin yana cikin ruwan da aka ajiye ko ya bi wanda aka ware, kuma wannan gwaji ne ya fi burge ni a dukan labarin. Sukan ɗauki tsutsar ƙuda, su ɗaure ta da zare tamau, yadda jinin gaba ba zai isa baya ba. Gaban sai ya taurara ya yi duhu kamar yadda ya saba, bayan kuwa ya zauna fari da taushi. Sai a yi wa bayan allurar ruwan da aka tace. Idan ya yi duhu, to homon yana nan. Da irin wannan haƙuri, tsutsa bayan tsutsa, suka fitar da miligiram 25 na tsantsar sinadarin a 1954, aka sa masa suna ekdison, kuma shi ne homon na ƙwaro na farko da aka taɓa samu zalla.

Karlson bai tsaya nan ba. A 1959 shi da Martin Lüscher suka ware wani rukuni na sinadarai da ƙwaro ke saki waje don ya aika wa ɗan'uwansa saƙo, suka sa musu suna feromon. A 1960 kuma shi da Ulrich Clever suka lura cewa idan aka yi wa tsutsar wani ɗan ƙudan ruwa allurar ekdison, wasu wurare a kan kuromosom ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, sukan kumbura, alamar cewa homon ɗin ƙwayoyin gado yake tayarwa su fara aiki. Wannan fahimta ta wuce ƙwari nesa, domin ta haska yadda homon irin su kotizon suke aiki a jikin mutum, kuma a nan kaɗai likitan da kawunki ke girmamawa yana cin gajiyar tsutsa. Daga 1964 ya zama farfesa a Jami'ar Marburg.

Amfanin da manomi zai gani da idonsa ya biyo baya. Da aka gane cewa akwai homon na biyu, wanda ke riƙe ƙwaro a matakin ƙuruciya, sai aka ƙera magungunan da ke kwaikwayonsa, irin su metofirin da aka yi wa rajista a Amurka a 1975, da firifiroksifen da a yau ake sakawa a wasu gidajen sauro. Ba sa kashe ƙwaro nan take. Hana shi balaga ko hayayyafa suke yi, kuma da yake jikin mutum ba ya amfani da wannan homon, haɗarinsu gare mu ya yi ƙasa ƙwarai da na tsofaffin magungunan feshi. Tarkon feromon da ake kafawa a gonakin masara don sanin lokacin da tsutsar nan da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 za ta kawo hari, shi ma daga wannan tushe ya fito.

Shawarata ita ce ki ci gaba, amma ki shiga da idonki buɗe, domin kayan aikin fagen suna da tsada kuma sakamakonsa yana ɗaukar shekaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922, tana bakin ƙofarku, kuma ƙwarin da ke cinye waken talaka a gona da rumbu sun ishe ki aikin digiri. Ki kuma tuna wa kawunki marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda daga sashenku ya yi binciken ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, har ya lashe babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009.

TAMBAYA: Malam, na jiƙa dakakkun 'ya'yan dogonyaro na fesa wa wakena, amma washegari na tarar da tsutsotsin da ransu. Ko maganin bai yi ba ne? Daga wani manomi, Shika.

AMSA: Allah ya ba da damina mai albarka, Malam. Ba lallai ne maganin ya gaza ba. Sinadarin da ke cikin dogonyaro, azadiraktin, wanda masana suka fara fitarwa a 1968, aiki biyu yake yi: yana hana tsutsa sha'awar ci, kuma yana dagula aikin ekdison ɗin da na yi bayani a sama, sai ta kasa yin saɓa ta mutu bayan wasu kwanaki. Don haka abin da za ka duba shi ne ko ɓarnar ganye da fure ta tsaya. 'Ya'yan itacen sun fi ganyensa ƙarfi, kuma hasken rana yana saurin lalata sinadarin, shi ya sa ya fi kyau ka yi feshin da yamma, ka maimaita kowane mako, kuma ka fara tun tsutsotsin suna ƙanana, kafin su huda kwanson waken su shige inda feshi ba ya kaiwa.