Me ya sa muke buge lakar ɓera maimakon mu yanka ta

Ɗana, a binciken da muke yi da ɓeraye kan raunin laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ka ce me zai hana mu datse ta da wuƙa, tunda ya fi sauri kuma raunin kowane ɓera zai zo iri ɗaya. Ana yin hakan, amma sai in ana son a ga ko jijiya za ta sake tofowa ta ƙetare wurin yankan. Mutumin da mota ta kife da shi, ko ya faɗo daga bene, da wuya lakarsa ta rabu biyu. Ƙashi ne ke murje ta, jini ya taru, ta kumbura, jijiyoyin gefe su tsira. Wannan raunin muke kwaikwaya.

Tun 1911 wani likita a Amurka, Alfred Allen, ya fara sakin nauyi a kan lakar karnuka. Na'urar Jami'ar New York ta daidaita abin: bayan an sa ɓera barci an buɗe ƙashin baya wajen T9 ko T10, wato gaɓa ta tara ko ta goma a ƙashin baya na sashen ƙirji, sai ta saki sanda mai giram 10 daga tsayin milimita 12.5, ko 25 in ana son rauni mai tsanani. Ɓera kuwa mun fi son sa ne domin daga baya wurin yakan zama kogo mai ruwa, kamar yadda ake gani a lakar mutum.

Bugun ƙiftawar ido ne. Aikinka yana bayansa. Ɓeran ba zai iya fitsari da kansa ba, sai ka matsa masa mafitsara a hankali, aƙalla safe da yamma, har ta farfaɗo, sau da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa muke zaɓar mata, tasu ta fi sauƙin matsawa. Allurar kashe zafi kada ta wuce lokacinta, ka ɗumama shi, ka sauko masa da ruwa da abinci inda bakinsa zai kai. Rai ne, kuma mu muka ji masa ciwon.

Ranar awo za ka yi amfani da ma'aunin BBB na 1995, wanda ke ba tafiyar ɓera maki, daga 0, ƙafar baya ba ta motsi, zuwa 21, tafiya lafiya lau. Minti 4 za ku kalle shi ku biyu, kuma kada ɗayanku ya san wane ɓera aka bai wa magani, domin ido yakan ga abin da zuciya ke so. Ɓeran da fitsarinsa ya yi jini ko wari, ka ware shi ka kira ni nan take.