Jami'o'i da Alƙawarin Rage Hayaƙi: Gaskiya Ne Ko Talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Kano. Ina yawan karanta cewa jami'o'in Amurka sun sa hannu kan alƙawarin yaƙi da sauyin yanayi, wasu ma na cewa sun daina gurɓata iska kwata-kwata. Shin gaskiya ne, ko talla ce kawai ta jan ɗalibai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Alƙawarin gaskiya ne. A ƙarshen shekarar 2006 shugabannin kwalejoji da jami'o'i 12 na Amurka suka fara rattaba hannu kan wata yarjejeniya, daga baya makarantun suka haura 600, kuma ƙungiyar Second Nature ce ke bin diddiginta. An ɗora wa kowace makaranta ta auna hayaƙin da take fitarwa, har da na zirga-zirgar ma'aikata da ɗalibai, ta tsara yadda za ta rage shi, ta sa wa kanta wa'adi, sannan ta riƙa fitar da rahoto kowa ya gani.

Amma batun daina gurɓata iska kwata-kwata, a nan gizo ke saƙar. Abin da suke nufi shi ne lissafi ya tashi babu bashi. Makaranta ta rage abin da ta iya ragewa, ragowar kuma sai ta biya kuɗi a kare wani daji ko a dasa itatuwa a wani wuri, a rubuta mata cewa ta rama. Kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont ta cimma wannan matsayi a 2016. Tun 2009 ta koma ƙona ɓarɓashin itace maimakon kusan rabin man da take ɗumama ɗakuna da shi, sauran giɓin kuma ta cike shi da dajinta mai faɗin eka 2,100 da ta keɓe don kiyayewa. Ƙoƙari ne, ban raina shi ba. Sai dai itacen ma hayaƙi yake fitarwa, kuma masana na ta muhawara a kan irin wannan ramuwa.

Aikin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Jami'ar Ball State da ke jihar Indiana. Shekaru da dama tana ƙona gawayin kwal a manyan tukwane huɗu don ɗumama gine-ginenta. Sai ta haƙa ramuka kusan 3,600 masu zurfi a harabarta, ta zura bututu a ciki, ruwa na zagayawa. Can ƙarƙashin ƙasa zafi ba ya sauyawa sosai, rani da hunturu. Don haka idan sanyi ya kama, ruwan ya ɗebo ɗumi daga ƙasa a shigar da shi azuzuwa. Idan zafi ya zo, ya kwashe zafin ɗakuna ya kai ƙasa. A 2014 jami'ar ta kashe tukwanen kwal ɗin. Wannan hayaƙin ya tafi ke nan, ba a takarda aka goge shi ba.

Ke da kike Kano ma kina da abin dubawa kusa da ke. A 2019 aka ƙaddamar da tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara. A wurinmu babbar matsalar ita ce janareta da man dizal, don haka duk farantin sola da ke aiki ya rage hayaƙi, ya kuma rage kuɗin mai. Abin da ke damuna shi ne kula da kayan bayan an yanke ƙyalle, domin ƙurar hunturu na rufe faranti, batura kuma na tsufa.

Idan kina so ki gane makarantar da ke da gaske, nemi rahotonta ki duba: litar mai nawa ta ƙona bara, nawa ta ƙona bana, kuma kashi nawa na ragin da take taƙama da shi ne sayensa ta yi da kuɗi.