Ga mai tambaya kan haƙa tafkin kifi a gona: fara da lissafin abinci

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana da 'yar gona ta wajen Kumbotso a Kano, kana so ka haƙa tafki ka zuba tarwaɗa dubu, kana tambaya ko abin yana biya ko kuwa zuƙi ta malle ce ta 'yan Facebook. Na daɗe a wannan sana'a, ga abin da zan gaya maka tsakani da Allah.

Yana biya. Amma haƙa rami da sayen 'ya'yan kifi ba su ne jarin ba, abinci ne. Shi kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe. Tarwaɗa kan ci kilo ɗaya da ɗoriya na abinci mai kyau kafin ta yi kilo ɗaya, a wata huɗu zuwa shida. Buhu kilo 15 ne. To ka lissafa: guda dubu, kana maganar buhu saba'in ko kusa da haka. Ka je ka tambayi kuɗin buhu yau, ka ninka. In abin da ke hannunka bai kai ba, ka rage su zuwa ɗari uku, ba abin kunya ba ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga mutum ya kai wata na uku, lokacin da kifi ya buɗe ciki sosai, kuɗi sun yanke. Sai ya koma watsa musu dusa da ragowar tuwo, ruwa ya ɓaci, kifi ya tsaya cak, ƙarshe ya kira dillali ya saya a wulaƙance.

Sai ruwa da ƙasa. Mafi yawan gonakin da ke kewaye da birni jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. In ba fadama gare ka mai laka ba, ka shimfiɗa leda mai kauri, ko ka yi kwamin siminti ko na tamfol. Ruwan kuma ya zama naka, rijiya ko burtsatse mai sola, don mai da za ka riƙa zuba wa janareta zai lashe ribar. Kada ka kuskura ka ja daga rafin da ke ɗauke da dattin masana'antu ko na kwatoci, irin Jakara.

Inda tafkin gona ya fi na cikin gida nesa ba kusa ba shi ne ruwan da ake canzawa. Mu na cikin unguwa kwata muke sakar wa, maƙwabta na ƙorafin ƙarni. Kai kuwa taki ne ka samu a kyauta. Ka ja shi ta lambatu zuwa fangalin alayyafo, latas da albasa, ka ga yadda ganye zai yi kore shar ba ka sayi takin zamani ba. Kuɗin ganyen nan shi ke riƙe mai gadi da cefane kafin kifi ya isa sayarwa. Ni a wurina rabin darajar tafki kenan, kuma shi ne mutane ba sa sa wa a lissafi.

Duk bayan mako biyu a farko ka tace kifin, ka ware manya. Tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. Za ka ga wata ƙatuwa da wutsiyar ƙarama a baki. Da hunturu kuma cin abincinsu na raguwa, sai rana ta ɗaga za ka ba su.

Kasuwa akwai ta, har yanzu ƙasar nan shigo da kifin ƙanƙara take yi. Amma tun kafin ka zuba, ka shiga kasuwar kifi ta Galadima ka ga girman da ake nema, ka kuma san masu gashi da masu farfesu biyu ko uku, su suka fi dillali saye da daraja. Ranar kamu ka tsaya kan sikeli da kanka. Wanda bai kai girma ba ka yi bandarsa, kyafaffe yana jiran farashi, ɗanye ba ya jira.

Ka turo faɗin filin da irin ƙasar wurin, da ko akwai burtsatse, sai mu ga guda nawa zai ɗauka. Allah ya sa albarka.