Kamfanin ya karye, in sayi amfilifayarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai shago a titin Ahmadu Bello ya yi mini tayin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ƙirar Onkyo, 'yar kwatano, mai ɗaukar sifika bakwai, kuma kuɗin da sauƙi. Sai abokina ya ce kamfanin ya karye. In saya ko in haƙura? Mai karatu daga Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya yi gaskiya. A watan Mayun 2022 kamfanin Onkyo na yankin Osaka a Japan ya kai kansa kotu saboda bashi ya fi ƙarfinsa. Sunan dai bai mutu ba, don tun 2021 aka sayar wa Voxx na Amurka da Sharp ɓangaren kayan sauti na gida, suka ci gaba da ƙerawa.

Ni karyewar ba ta dame ni ba. Ko da kamfanin na cikin ganiyarsa, wa zai ba ka garanti a kan kayan kwatano a Kaduna? Mai gyara ne gatanka, kuma a nan gizo ke saƙa. Wasu daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 2009 da 2012 sun yi ƙaurin suna wajen ɗauke sauti, har kamfanin da kansa ya ƙara wa'adin gyaransu. Matsalar tana allon da wayoyin HDMI (masu ɗauko hoto da sauti) ke shiga, wanda ba ya jure zafi, ga shi mu zafi da ƙurar hunturu sun zame mana jiki. In wannan allon ya mutu, sai dai a ciro wani daga matacciyar irinta. Tsohuwar amfilifaya mai sifika biyu kuwa, yawancin kayan cikinta ana samunsu a kasuwa, mai gyaran rediyo ma zai tashe ta.

Saboda haka ka tafi da mai gyaranka. Ku juya bayanta ku karanta: in an rubuta 100V ta Japan ce, 120V ta Amurka, wutarmu kuwa 230V ce, jona ta ba taransifoma ƙona ta ne. Ku kunna ta daɗe tana aiki har murfin ya ɗau zafi, ku gwada kowace kafa ta HDMI. In mai shago ya fara cewa yana sauri, bar masa kayarsa.

Tambaya: Ɗana yana so in tura kafin alƙalami a yi masa odar sifiku daga wani ƙaramin kamfani a Turai, amma an ce ya daina amsa saƙon masu saye. Wata uwa daga Barnawa.

Amsa: Hajiya, kada ki tura ko sisi. In kamfani ya faɗi, bankunan da ke riƙe da jingina ake fara biya, mai kafin alƙalami yana can ƙarshen layi. Ɗanki ya nemi dillalin da kayan ke shagonsa, ya saurara da kunnensa, sannan ki biya.