Kan Mai Uwa da Wabi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Harbe-Harben Amurka

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kalmomin da kafofin labarai na Hausa ke amfani da su idan wani ya buɗe wa jama'a wuta a Amurka. Na haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

Ta farko daga wata malamar firamare ce a Zariya. Ta ce: "Malam, kullum sai mu ji an ce ɗan bindiga ya yi harbin kan mai uwa da wabi. Ɗalibaina sun tambaye ni wace ce uwar, mene ne kuma wabi, na kasa ba su amsa mai gamsarwa."

Malama, Allah ya yi wa ɗaliban nan albarka, domin manya da yawa suna faɗin maganar ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba. Wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna rasuwa tun suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Sai a ce wance tana wabi, wanda ta haifa kuma a ce da shi ɗan wabi. Daga nan muka samu sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani. Iyaye sun gaji da binne jarirai, sai su nuna kamar ba su damu da wannan ba, ko kuma su roƙa a bar musu shi. To mai uwa da wabi shi ne wanda uwarsa ta saba rasa 'ya'ya. Yadda nake fahimtar maganar, mai jifa ne ke cewa shi bai zaɓi kowa ba, abin ya faɗa kan wanda dama mutuwa ta san hanyar gidansu. Da haka ma'anar ta faɗaɗa ta koma yin abu ba tare da tantancewa ba, har ake cewa kamen kan mai uwa da wabi, ko dukan kan mai uwa da wabi.

Akwai harin da maganar ta dace da shi sosai. Ranar 1 ga Oktoban 2017, wani mutum ya hau hawa na 32 na wani otal a Las Vegas, ya riƙa harbin dubban mutanen da suka taru a filin kiɗa a ƙasa. Ya saki harsasai sama da 1,000 cikin kimanin minti goma, mutum 58 suka mutu a daren. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, daga inda yake ma ba ya ganin fuskokinsu. Wannan shi ne kan mai uwa da wabi.

Amma ina roƙon 'yan'uwana 'yan jarida su daina liƙa maganar a kan kowane hari. Wanda ya shiga cocin baƙar fata a Charleston a watan Yunin 2015 ya kashe mutum 9, ya san su wa yake nema. Wanda ya tuƙa mota ya yi tafiyar sa'o'i zuwa wani kantin unguwar baƙaƙe a Buffalo ranar 14 ga Mayun 2022 ya kashe mutum 10, shi ma ya zaɓa. Haka wanda ya kashe Yahudawa 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh a 2018. Haka wanda ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya hallaka Musulmi 51. Idan muka kira waɗannan harbin kan mai uwa da wabi, mun ɓoye wa mai sauraro dalilin kisan, mun kuma rage wa makashin laifi. Hausa tana da abin da za a ce: kisan gilla, kisan kiyashi, harin ƙiyayya, kisan da aka kitsa.

Wani mai shago daga Maraɗi ya rubuto cewa shi da abokinsa sun yi gardama. Abokin ya ce yaran da aka kashe a makarantar Uvalde tsautsayi ne ya faɗa musu, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Shi kuma ransa bai kwanta da maganar ba, amma ya rasa yadda zai mayar da amsa.

Ɗan'uwa, ranka ya yi gaskiya. Tsautsayi a Hausa mummunan abu ne da ya auka wa mutum ba tare da shiri ko nufin kowa ba, kamar gini ya rufto, ko tsawa ta faɗo. Bahaushe kan faɗi "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" ne a wurin ta'aziyya, don wanda aka yi wa rashi ya daina zargin kansa da cewa da ban aike shi ba, da ban bar ta ta fita ba. A wannan wurin maganar rahama ce, kuma ba ni da ja a kanta. Mun yarda kowane rai da ajalinsa.

Sai dai maganar ta'aziyya ba ta zama hukuncin shari'a. Abin da ya faru a Uvalde ta jihar Texas ranar 24 ga Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai 2, mutane ne suka aikata shi mataki bayan mataki. Saurayin yana cika shekara 18 ya je ya sayi bindigogi biyu ƙirar AR-15, kuma doka ta yarje masa. Jami'an tsaro kusan 400 suka hallara, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a kutsa ajin da yake ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda ya yanke shawararsa. Kuma Bahaushen da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne dai ya ce rigakafi ya fi magani, shi ne ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bai ga saɓani tsakaninsu ba, domin ya san wurin da ake faɗin kowacce. Ka gaya wa abokinka ya ajiye tasa don gidan makoki.

Masu karatu da dama sun tambayi asalin kalmar bindiga. Daga Larabci muka aro ta, bunduƙiyya. Harsashi ma daga can ne, daga rasas, wato dalma, domin da ita ake yin ƙwayar. Albarushi kuma daga barud. Wannan ya nuna ta hannun da makamin ya fara iso mu. Bayan aro sai Hausa ta yi abin da ta saba, ta ƙera jam'i, bindigogi, ta ƙera aikatau, bindige. "Ɗan bindiga" kuwa a da ba zagi ba ne. 'Yan bindigar sarki har yau suna fitowa a hawan sallah suna buga adaka don girmamawa. Rikicin shekarun nan ne ya ɓata sunan, har yanzu in an ambace shi a Zamfara ko Katsina gaban mutum ya faɗi.

Ga wadda na fi son a lura da ita, daga wani ɗalibin koyon aikin jarida a Kano: "Malam, daidai ne a ce bindiga mai sarrafa kanta ga irin wadda ake kai waɗannan hare-hare da ita?"

A mafi yawan lokuta ba daidai ba ne. Mai sarrafa kanta ita ce wadda in ka danne kunamarta za ta yi ta aman wuta har sai ka saki ko harsashi ya ƙare. Irin wannan an tsaurara dokarta a Amurka tun 1934, kuma tun 1986 aka hana sayar wa farar hula sababbinta. AR-15 da aka yi amfani da ita a hare-haren makarantun Sandy Hook da Parkland da Uvalde, kowane ja ɗaya na kunama harsashi ɗaya take saki, sai dai ita da kanta take ɗura na gaba nan take. Shawarata a ce mata "mai ɗura kanta". Kada wani ya ɗauka wannan ya rage mata haɗari. Gidan harsashinta kan ɗauki 30, kuma sauya shi aikin 'yan daƙiƙoƙi ne.

Sanin wannan bambanci yana taimakawa wurin fahimtar gardamar Amurkawa. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda aka amince da shi a 1791, ya ce tun da rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu ba. A 2008 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa haƙƙin na kowane mutum ne a karan kansa, ko ba ya cikin wata runduna. To amma bindigar 1791 'yar'uwar adakarmu ce, ta baki ake zuba mata albarushi a danna da sanda, ƙwararren soja ma da ƙyar ya buga ta sau uku a minti ɗaya. Kalmar "makamai" tana nan yadda aka rubuta ta, abin da take nufi ne ya sauya har masu rubutun ba za su gane shi ba.

Wata mai karatu daga Kumasi ta tambaya ko "taƙaita mallakar bindiga" da "hana mallakar bindiga" abu ɗaya ne. A'a, 'yar'uwa. Ni na fi son "ƙayyade", domin dokokin da ake jayayya a kansu na sa iyaka ne: wa zai saya, yana da shekara nawa, wace iri, bayan wane bincike. Dokar 1993 ta kawo binciken tarihin mai saye. Ta 1994 ta haramta wasu bindigogi masu ƙirar soja, amma wa'adinta ya cika a 2004 ba a sabunta ta ba. Bayan Uvalde, a watan Yunin 2022, aka ƙara tsaurara bincike ga masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Wurin da "hana" ta dace shi ne Birtaniya, wadda ta haramta kusan duk ƙananan bindigogin hannu a 1997, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane.

Wani malamin sakandare daga Funtuwa ya ce ya ji masu goyon bayan bindiga a Amurka suna cewa bindiga ba ta kisa, mutum ke kisa. Yana so ya san ko akwai karin maganar da ta amsa wannan.

Akwai, Malam, kuma tsohuwa ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dubi adalcin da ke cikinta. Ba ta wanke ɓera ba, ta fara da tabbatar masa da satarsa. Sannan ta juya ga mai gidan da ya bar daddawa a buɗe. Masu cutar ƙwaƙwalwa da masu baƙar zuciya akwai su a kowace ƙasa. Abin da ya bambanta Amurka shi ne yawan makamin. Ƙididdigar da aka fitar a 2018 ta nuna farar hula a can na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuma kansu suka kashe. Wannan adadin ne ba a cika faɗa ba, alhali shi ya fi nuna abin da ajiye makami kusa da hannu ke jawowa a daren da mutum ya yanke ƙauna. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wurin kashe yara da matasa a can.

Ostireliya ta ɗauki ɗaya hanyar. Bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a watan Afrilun 1996, gwamnatin John Howard, wadda ta masu ra'ayin riƙau ce, ta haramta dogayen bindigogi masu ɗura kansu, ta saye kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Niyu Zilan ba ta cika wata guda da harin masallatan ba ta zartar da tata dokar. Amurka kuwa, bayan an kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7 da ma'aikata 6 a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya mutu a Majalisar Dattawa a 2013.

Shi dai malamin ya ƙara da cewa, to ai mu ma muna da "maganin biri karen Maguzawa", ashe ba ta goyi bayan wancan ɓangaren ba? Ya tuna cewa mako guda bayan Sandy Hook, jagoran ƙungiyar masu bindiga ta NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya ce mutumin kirki mai bindiga ne kaɗai ke tsayar da mugu mai bindiga.

Wani lokaci hakan na faruwa. A watan Yulin 2022, a wani rukunin kantuna a Greenwood ta jihar Indiana, wani matashi da ya zo sayayya ya harbe maharin da ya riga ya kashe mutum 3. Amma a Buffalo mai gadin kantin tsohon ɗan sanda ne, ya harbi maharin, rigar sulke ta tare harsashin, aka kashe shi. Uvalde kuma mun ga abin da ɗaruruwan masu bindiga suka yi. Karin maganar ma in ka duba ta da kyau, kare mai horo take nufi, wanda yake da ubangida mai kiransa ya dawo. Ba ta ce a saki karnuka a kowane gida ba.

Na san wannan tambaya ba ta Amurka kaɗai ba ce a zuciyar mai yin ta. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ba zan iya kallon manomin da aka ƙone wa rumbu, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba, in ce masa ya yi laifi don ya nemi abin kare iyalinsa. Halinsa ya bambanta da na mai zaune a birnin da 'yan sanda ke amsa waya. Abin da kawai nake so ya sani daga labarin Amurka shi ne, bindigar da ta shiga hannun jama'a tana daɗewa fiye da dalilin da ya kawo ta, kuma ana gadonta.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Damagaram: me ya sa ake ce wa abin da ake ja a jikin bindiga kunama? A ganina dalili biyu ne. Siffarsa a lanƙwashe take kamar wutsiyar kunama, sannan aikatau ɗaya Hausa ke amfani da shi ga dukkansu, wato harbi. Kunama na harbi, jaki na harbi, maharbi na harbi da baka, kuma da bindiga ta zo sai aka ba ta wannan aikatau ɗin.