Amsa ga ƙanwarmu mai shirin sutnans (kare aikin kammala karatu a gaban malamai): hoton bango da zanen alƙaluma a PowerPoint

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki: kin sa hoton ƙofar fadar Sarkin Damagaram a bayan kowane shafi, rubutu ya daina karantuwa, fayil ɗin ya yi nauyi, ga shi kuma kina son nuna farashin hatsi a zane. Na daɗe ina taya ɗalibai wannan aiki a nan Zinder, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Ki cire hoton fadar daga bayan rubutu. Ki bar shi a shafin farko kaɗai, ya cika allo da sunan aikinki. Akwai wani yaro da na taya shiri, muka zaɓi bango shuɗi mai duhu da jan rubutu, a kwamfutata gwanin kyau. Ranar sutnans da sha ɗaya na safe, rana ta cika ɗakin, tagogi ba labule, majigin ya tsufa. Shugaban juri, wato malaman da ke tantance aikin, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce ba ya ganin komai. Yaron ya yi shekara yana wahala a kan aikin nan. Har yau abin yana mini ciwo. Tun ranar farin bango da baƙin rubutu nake ba kowa shawara. In kuma dole sai da hoton, a PowerPoint na Faransanci ki shiga Création, ki zaɓi Mise en forme de l'arrière-plan, ki ja Transparence ya kai 85, hoton ya zama kamar inuwa.

Batun zane kuwa, abin da kike son nunawa shi ke zaɓa miki. In yadda kuɗin tiya ke sauka da kaka ya hau da damina ne, zanen layi ya dace, wata bayan wata. In Kasuwar Dole za ki gwada da ta Mirya, Matamai da Magarya, ki ɗauki mai ginshiƙai. Mai kama da faifan nan da ake yankawa, kada ki wuce yanka biyar, kuma ki guji masu tudu da inuwa, suna ruɗa ido. Ki yi shi cikin Insertion, Graphique, kada ki ɗauki hoton allon Excel ki manna. A majigi lambobin dusu-dusu suke fitowa. A saman zanen ki rubuta sakamakon da kansa, misali "Hatsi ya fi tsada kafin kaka".

Nauyin fayil abu ne mai sauƙi: danna hoto, Compresser les images, zaɓi 150. In za ki ƙara girman hoto, daga kusurwa ake ja, in ba haka ba fuskokin mutane su baje. Hotunan da aka turo miki ta WhatsApp an riga an matse su, ki roƙa a sake turowa a matsayin takarda (Document).

Tun PowerPoint 2013 shafi yana zuwa da faɗin 16:9, tsoffin majigi da yawa kuwa 4:3 ne. Don Allah ki je ɗakin kwana ɗaya kafin ranar, ki gwada, ki zauna kujerar baya ki karanta da kanki. Ki ajiye kwafin PDF a kile (USB) da wayarki, ki buga zanen a takarda saboda ɗaukewar wuta. Allah ya ba da sa'a, ki sanar da mu ranar.