Kuɗin sokawe ba damfara ba ne, Yaya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Na ga saƙonka game da takardar da mai kula da gidan haya ya ba yaron nan a nan Legas. Ka ce kuɗin ɗaki ka gane, na wuta ma ka gane, amma mene ne kuma kuɗin sokawe da na bola da na kwata, ko dai an ga baƙo ne ana so a tatse shi. Kwantar da hankalinka, ba a cuce shi ba. Ni ma farkon saukata Agege haka na yi ta mita, sai da damina biyu ta sauka a kaina na yi shiru.

Ƙasar ce ba iri ɗaya ba. A gida ka haƙa masai mai zurfi, a yi shekaru ba a tuna da shi ba. Ruwan wanka ya bi rariya ya fita lungu, kafin la'asar rana ta shanye shi. Ikko kuwa, wato Legas, a bakin teku take, ruwa ya ratsa ta ta wurare da yawa. A Ajegunle ko Lekki ko cikin tsibiri, ba ka yin nisa da haƙa za ka ga ruwa yana tsattsafowa. Mu a Agege muna ɗan kan tudu, da sauƙi. Ruwan saman da ake yi a nan ya kusa ninka na Kano: ya kama gadan-gadan daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ƙasar da ta ƙoshi ba ta karɓar ƙari, abin da ka zuba mata yana nan yana jiranka.

Kada kuma girman garin ya ruɗe ka ka zaci akwai wani babban bututu a ƙarƙashin titi mai kwashe ƙazantar kowa. Sai a 'yan wurare, kamar rukunin gidajen Abesan da Oke-Afa da Iponri da sakatariyar gwamnati ta Alausa, inda aka yi matatar gurɓataccen ruwa. Sauranmu kowane gida da tankinsa a binne: ɗaya yana riƙe kaurin, ɗaya ruwan yana tsiyaya cikinsa, shi ne sokawe. In ya cika sai a kira motar zuƙa. Jihar tana da hukuma guda ta gurɓataccen ruwa, ita ke yi wa motocin nan rajista ta kuma nuna musu inda za su juye. Kuɗin motar shi ne abin da ka gani a takarda. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya ko biyu, raba shi ake yi. Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ko a raba da ɗaki ko da kai, domin gwauron da ke fita da asuba ba ya dawowa sai dare ba ya yarda ya biya daidai da mai mata da 'ya'ya shida. A gidan da na fara zama sai da aka kai maganar gaban limamin layinmu. Ya ce a ƙirga kai, amma ban da na goye.

Na bola ba shi da wata doguwar magana. LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, ta raba unguwanni ga 'yan kwangilar kwashe shara da ake kira PSP, su zo da mota su kwashe, a biya su duk wata.

Kwata ce mai labari. A dokar muhalli ta jihar, ta 2017, kwatar bakin titi ta ruwan sama ce. Daga ita ya faɗa babbar magudana, wadda a nan ake ce wa kanal, daga nan ya gangara tafkin da ke haɗe da teku. Haɗa bututun banɗaki da ita laifi ne, zuba shara a ciki laifi ne, yin gini a kanta laifi ne, yashe wadda ke ƙofar gidanka kuma a wuyanka yake. Jami'an tsaftar muhalli da ake kira KAI, da duba-garin da Yarbawa ke ce wa wole-wole, suna iya garƙame gida ko shago, su kai mutum kotun tafi-da-gidanka. Ba zan ɓoye maka ba, ruwan wanki da na wanka na gidaje da yawa kwata yake faɗawa, kowa ya sani, kuma gwamnatin da ke hanawa ba ta shimfiɗa mana bututun da za mu zuba a ciki ba. Wannan ƙorafin ina yin sa har gobe. Amma akwai abin da ko mu ba ma ɗaga wa mutum ƙafa a kai.

Wani maƙwabcinmu, ɗan gida ne irinmu, tankinsa ya cika yana ƙyashin kuɗin mota. Sai ya jira daren da aka tsuge da ruwa, wajen ƙarfe biyu, ya sa yara suka ɗaga murfi suna kwasa da bokiti suna juyewa a kwata, wai kafin gari ya waye ruwa ya tafi da shi. Bai san kwalbatin ƙarshen layi ta toshe da ledar fiya wata da robobin abinci ba. Da asuba muka fito masallaci muka tarar ruwa baƙi ƙirin ya dawo har bakin dandamalin da muke alwala, takalman mutane suna yawo a kai, wari kuwa sai ka toshe hanci da bakin riga. Rijiyar gidan ƙasa da shi ta yi makonni ba a ɗibarta. Ba mu kira hukuma ba. Dattawa suka zaunar da shi bayan sallah, ya biya motar da yake gudu, ya biya masu yasar kwalbati, ya sayi ruwan garuwa wa gidan da ya ɓata wa rijiya har ta washe. Shi ya sa da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, babu wanda ya tsaya yi mana bayanin ta inda take shigowa.

Ka ce me ya sa muke tsananta wa junanmu haka. Yaya, a gida in mutum ya yi ƙazanta sunansa ake kira. A nan cewa ake yi "aboki" ne ya yi, kuma aboki duk mu ne, da mai shayi da ɗan canji da wanda kakansa aka haifa a Zangon Agege. A Oktoban 2023 gwamnati ta rufe kasuwar Mile 12 saboda shara da toshe magudanai. Kwanaki kaɗan ne, amma ka tambayi wanda ya sauke motar tumatir ranar. Dama can safiyar Alhamis ba a buɗe kasuwa sai ƙarfe goma, kowa ya yashe gabansa, wanda ya noƙe shugabannin kasuwa su ci shi tara tun hukuma ba ta zo ba. A Janairun 2024 kuma aka haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso, don shi ne kan gaba wajen cushe kwata.

Har layya sai da muka sake mata tsari. Kai ka haƙa rami a tsakar gida, jini ya shiga, ka rufe. Mu tsakar gidanmu siminti ne. Jini a roba muke tara shi, kayan tumbi a ɗaure a buhu a jira motar bola, ba a wanke hanji a bakin kwata. Mai gyaran babur ma an san baƙin mai a jarka yake tarawa.

Abin da za ka gaya wa yaron: ya biya, amma ya karɓi rasit, ya kuma tambayi yaushe rabon da a zuƙe tankin, kada a ɗora masa bashin waɗanda suka tashi. Ya zagaya bayan gidan ya bi bututun banɗaki da ido ya ga inda ya ƙare. In a kwata ya ƙare, kada ya sa hannu a komai sai na zo. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu, kafin a buɗe kasuwa, zan leƙa gidan da kaina. A gaishe min da Hajiya da yara.